Mabuɗin Da Soja Ya Bar Mini Amana

Shekaru kaɗan da suka wuce, in ka shigo kasuwar Gure ka nemi mutumin da ya fi kowa ganin kansa mai wayo, ina jin ni za a nuna maka. Mahaifina ya zo daga Damagaram ya kafa kantin sukari da shayi da taliya, ni kuma na gaje shi na ƙara a kai. Na haura hamsin, ina da mata da ƴaƴa, ana kirana Alhaji, in an zauna shawara a layinmu na kasuwa sai an ji ta bakina. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana ci na a rai. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa, waɗanda suka san labarin sun riga sun sani.

Lokacin da na sayi fili kusa da barikin soja, abokaina dariya suka yi mini, wai na sayi rairayi. Ni kuwa na zuba ɗaki shida da bulon siminti, na rufe da kwano, na jawo famfo tsakar gida. Kafin fenti ya bushe sojoji sun cika ɗakunan. Lissafina bai da wuya: soja yana da albashi, ƙarshen wata ba ya zuwa maka da labarin damina ba ta yi kyau ba. Matsalarsu ɗaya ce, ba su da zama. Yau kana tare da mutum, gobe an ce an tura shi daji wata uku, ɗaki na nan a kulle. Ni kuwa duk sanda na wuce na ga ƙofa da kwaɗo, sai in ji kamar asara nake yi, alhali an biya ni.

A cikin masu hayar akwai wani kaparal, wato kofur, yaro mai hankali daga wajen Gidigir. Baba yake ce mini, kuma ba ya gaishe ni a tsaye, sai ya rusuna ko da kaki ne a jikinsa. Wata safiya ya same ni a kanti ya ce za su tafi aiki can gabas, bai san ranar dawowa ba. Ya biya hayar wata huɗu, sannan ya zaro mabuɗin ɗakinsa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce in an yi ruwa in riƙa leƙawa saboda yoyo da gara, don duk garin nan ba ya da wanda ya fi ni. Na sa masa albarka, na jefa mabuɗin a aljihu.

Bayan kamar mako biyu wani dillalin kasuwar dabbobi ya zo mini da baƙo. Ya ce mutumin raguna yake saye zai kai kudu kafin Layya, yana neman ɗaki na wata guda, kuma zai biya ninki biyu. Na buɗe baki zan ce ɗakuna sun cika, sai hannuna ya taɓa mabuɗin nan a aljihu. Wallahi abin da ya zo mini a rai ke nan: ɗaki ɗaya, haya biyu, wa zai sani? Da kaina na je na tattara kayan kaparal a lungu, katifa da akwatin ƙarfe da takalmansa na aiki, na lulluɓe da tabarma. Ban nemi katin shaidar baƙon ba. Ban kai shi wurin mai unguwa ba, duk da an sha faɗa mana a masallaci cewa duk mai gidan haya ya riƙa gabatar da baƙinsa, don in na kai shi za a san ɗakin wa na ba shi. Matan sojoji biyu da suka rage a gidan na ce musu ɗan'uwan kaparal ne. Maiɗakina ta ce mini abin nan bai kwanta mata ba, na ce ta ji da tukunyarta.

Kwana goma baƙo ya yi ya ɓace ba sallama. Da na je share ɗakin na ɗaga tabarma, sai na ga an ɓalle kwaɗon akwatin, takalman kuma babu su. Na buɗe akwatin na tarar da bargo da ƴan hotuna da tufafin gida, babu kaki ko ɗaya, kuma na san yana da na canji don na sha ganinsu a kan igiya. A wannan zamani da muke ciki, yaro ma ya san abin da ake yi da kakin soja in ya faɗa hannun da bai dace ba. Da ina da hankali, daga nan birigad, wato ofishin jandarma, zan wuce. Sai na tafi kasuwa na sayo kwaɗo mai kama da wancan na maƙala, na kulle ɗakin, na koma kanti na ci gaba da awon sukari.

Ba a yi wata ba labari ya cika gari, wai wasu mutane sanye da kaki sun tare motar ƴan kasuwa a hanyar Bune. Direban ya tsaya ne don ya ɗauka sojoji ne. Suka kwashe abin da mutane suka ɗauko, suka harbi direban a ƙafa. A kanti na ji labarin, ina cikin zuba wa wata mace shayi a takarda. Daga baya aka kama ɗaya daga cikinsu, a jikin rigar da ya sa kuma akwai sunan mai ita, wato kaparal. Ranar da su kaparal suka dawo, bai ma taka ƙofar gidana ba aka tsare shi, ana zargin shi ya sayar wa ɓarayi kayansa ko ya ba su aro.

Kashegari jandarma biyu suka zo kanti, suka yi sallama cikin mutunci. Suka ce yaron ya shaida musu mabuɗi yana hannuna, suna son sanin ko wani ya shiga ɗakin a bayansa. A nan na yi abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Na ce babu wanda ya shiga, ni kaɗai na buɗe sau ɗaya na duba yoyo. Muka je tare suka ga ƙofa lafiya, taga lafiya, akwati da kwaɗonsa. Suka rubuta, na sa hannu, suka yi godiya suka tafi. Sai da suka bar wurin na gane abin da na yi: in ba wanda ya shiga, to shi ya fitar da kayan da hannunsa.

Kwana shida na yi a wani hali da ba na yi wa maƙiyina fata. Duk motar soja da ta wuce gaban kanti sai in ce ni aka zo kamawa. Ina salla in manta raka'a ta nawa nake. Abinci in ya shiga ba ya zama, har yarana suka ɗauka zazzaɓi ne. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In na yi magana, za a ce ni ne mai masaukin ƴan fashi, kuma ban san inda irin wannan tuhuma take ƙarewa ba. In na yi shiru, yaron mutane zai rasa aikinsa ya tafi kurkuku a kan laifina. Ina ta lallashin kaina cewa dillalin ya yi tafiya, matan nan kuma ba wanda zai tambaye su. Maiɗakina ta daina yi mini magana in ba gaisuwa ba.

A rana ta bakwai da hantsi wata tsohuwa ta yi sallama a gidana, da ƙullin kuɓewa busasshiya da ɗan man shanu a kwalba. Mahaifiyar kaparal ce, ta biyo motar kasuwa daga ƙauyensu. Ta durƙusa a gabana, macen da ta kusa haifata, ta ce kullum in ya kira ta a waya sai ya ce ta kwantar da hankalinta, Allah ya ba shi uba a Gure. Ta ce ita ba ta san kowa ba, ba ta jin Faransanci, ta zo ne in taimaka in raka ta in faɗa wa hukuma irin halin ɗanta. Maiɗakina tana tsaye da buta a hannu, ta dube ni sau ɗaya ta shige ɗaki. Na sa hula muka fita. Har muka isa birigad ban yanke abin da zan faɗa ba, tsohuwa na biye da ni tana ta sa mini albarka. Da muka shiga aka ba ni kujera, sai na ji bakina yana cewa takardar da na sa wa hannu ƙarya ce. Na faɗi komai, tun daga dillali har kwaɗon da na sayo, a gaban uwarsa.

Ban kwana gida ba ranar. Aka wuce da ni Damagaram, na yi sama da wata guda a tsare ana maimaita mini tambaya ɗaya, ko na san mutanen nan tun da farko. Ba wanda ya taɓa lafiyata, amma kullum aka buɗe ƙofa sai in ce yau za a ɗauke ni zuwa inda iyalina ba za su sake jin labarina ba. Allah ya sa aka samo dillalin ya tabbatar da yadda aka yi, matan gidan suka ba da shaida, manyan kasuwa suka tsaya mini. Aka sake ni da tara da gargaɗi mai zafi. Kaparal aka wanke shi daga zargin, sai dai ya sha horo a kan ajiye kayan aiki a cikin gari, aka kuma mayar da shi wani bariki mai nisa. Sauran sojojin suka bar gidana ɗaya bayan ɗaya. Yau malamin makaranta ne a ɗaki ɗaya, sauran na zuba wake a ciki.

Na samu ganinsa ranar da ya zo kwashe kayansa. Ya gaishe ni a tsaye, ya kira ni mai gida. Na fara ba shi haƙuri, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce kakin bai dame shi ba, tsarewar ma ta wuce. Abin da ya tsaya masa shi ne ranar da aka karanta masa takardata, aka ce ko dai shi maƙaryaci ne ko ni, shi kuma ya ce musu Baba ba zai yi ƙarya ba. Na miƙa hannu in karɓi mabuɗin da na ba shi ya buɗe ɗakin, ya ajiye shi a bakin taga ya fita.

Ƴan'uwana masu gidan haya, musamman waɗanda ke kusa da bariki, ɗakin soja ba kamar ɗakin kowa ba ne, abin da ke cikin akwatinsa zai iya tsayar da mota a daji. In an biya ka an tafi, ɗakin ba naka ba ne sai mai shi ya dawo. Kada ka saukar da mutumin da kake jin nauyin kai shi gaban mai unguwa. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun ranar farko, don ni ƙaryar da na yi daga baya ta fi hayar da na ci muni. Direban nan har yau yana ɗingishi, ina ganinsa a tasha. Yaron kuwa na nemi lambarsa na kira sau uku a shekarun nan. Yana ɗauka, yana amsa gaisuwa da ladabi, amma bai ƙara ce mini Baba ba.