Ɗanasabe da Horon Rifkatu

Kayen da Ɗanasabe ya sha a hannuna a kan ƙwan zabi ne. Zabuwata ce ta tsallaka gonarsa ta yi ƙwai goma sha ɗaya a gindin kalgo, shi kuwa ya tsince ya zuba a hula ya yi gida. Da na je karɓa sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Zuwaira, doka ce. Abin da aka haifa a ƙasar mutum na mai ƙasa ne."

Na ce, "Dokar wa?"

Ya ce, "Ta masu hankali. Shi ya sa ba ki san ta ba."

Muka ɗunguma gaban mai unguwa. Ɗanasabe ya maimaita dokarsa har sau biyu, da ƙarfi, don na bayan zaure ma su ji. Na bari ya kai aya, sannan na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda da dokar nan, Allah Ya ja zamaninta. Sai dai tunkiyarsa shekaranjiya a bayan ɗakina ta haihu. Tagwaye, kuma duka mata."

Mai unguwa ya yi dariya har ya ƙware. Ɗanasabe ya dawo mini da ƙwai tara, don biyu ya riga ya soya. Ni kuma na riƙe masa 'yan tumakin mako guda, don ya san mai dokar barci shi ke ɓigewa da gyangyaɗi.

Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da ikon faɗa masa abin da na ga dama. Kakanninmu Maguzawa ne na wata 'yar unguwa a gefen dajin Falgore. Uwata ta yi aure cikin Musulmi ta musulunta, ubansa ya bi masu wa'azin Almasihu, sauran dangi suka ce su dai suna nan inda aka bar su. Saboda haka a gidanmu in an yi rasuwa hanya uku ake kuka. Ɗanasabe manomin dawa ne da masara, dogo, siriri, mai tafiya kamar yana auna ƙasa. Shekara ashirin da wani abu yana cikin dattawan ekklisiyarsu, kuma shi ke buga tsohon ƙarfen tayar mota da suka rataye a ɗorawa don kiran sujada. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya kuma yafe wa mai latti. Na sha gaya masa in ya shiga aljanna sai ya tambayi mala'iku wa ya ba su izinin zama.

Matarsa Rifkatu gajeriya ce mai dariya, ita ke kaɗa tulu in matan zumuntar majami'arsu suna waƙa. Ni da ita mun fi shekara arba'in muna aron turmi da gishiri, ba mu taɓa musu a kan addini ba. A kan mijinta dai muna haɗa baki.

Daminar da abin ya faru, Ɗanasabe ya faɗo daga babur a hanyar dawowa daga kasuwar Doguwa, ƙashin cinya ya karye. Maɗori ya ɗaure shi ya ce kwana arba'in ba tashi. 'Ya'yansu maza biyu suna birni. Mutanen majami'a sun zo sun yi masa yini ɗaya, amma gida goma sha biyu ne kacal, kowa da tasa ciyawar. Dawar Ɗanasabe ta fara ja, ciyawa ta kai mata wuya. Sai Rifkatu ta tafi wurin 'yan'uwanta, waɗanda ba su bar al'adar kakanni ba, ta ce tana son gayya. Suka ce gayya ba giya ai zaman makoki ce. Ta san abin da ekklisiya ta ce game da burkutu, ba yarinya ba ce. Ta jiƙa dawa a gidan yayanta, ta dafa, ta tace. Maza talatin suka shiga gonar da safe, kafin la'asar ba tsinken ciyawa ɗaya.

Zance ya isa majami'a kafin tukwanen su bushe. Da yake Ɗanasabe ba ya iya tafiya, a ɗakinsa dattawa suka zauna, ita tana tsakar gida tana jin su. Wani ya ce a yi mata faɗa a bar maganar. Ɗanasabe, yana kwance da ƙafar da aka nome wa gona, ya ce, "Doka ba ta san matar dattijo ba." Da aka ce masu son a hore ta su nuna, shi ya fara ɗaga hannu.

Suka sa ta a horo na wata huɗu. Ga wanda bai sani ba, horo a wurinsu shi ne a mayar da mutum bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar nan da ƙoƙon da suke rabawa, ba ya kuma riƙe wani aiki, sai ranar da aka kira sunansa a gaban jama'a aka ce an karɓe shi. Ranar da aka sanar, fasto ya karanta musu inda Littafinsu ya nuna cewa ɗaurin da ekklisiya ta yi a ƙasa yana da ƙarfi har sama, kwancewarta ma haka. Rifkatu da bakinta ta ba ni labari.

Na ce, "Ke kuwa ba ki fasa masa tukunyar a ka ba?"

Ta ce, "Yaya Zuwaira, bencin baya ya fi iska." Ta yi dariya, amma da ta ji matan zumunta sun fara gwajin waƙa, wata na kaɗa tulunta, sai ta tashi ta ce wai ta bar wake a wuta.

Ana girbin dawar nan da gayya ta ceto, ta sa hannu a ƙarƙashin dami, kububuwa ta sare ta. Aka ɗora ta a babur zuwa asibitin Tudun Wada, shi a baya yana riƙe da ita. A hanya ta juyo ta ce, "Saura Lahadi nawa?" Ya ce uku. Ba ta ƙara magana ba. Kwana biyu ta yi a asibiti ta cika.

A wurin binnewa Fasto Ishaya, yaro ne mai kirki wanda bai fi sa'an autana ba, ya yi wa'azi mai sanyi. Ya ce jiki ne suke sa wa a ƙasa kamar iri, zai tashi ranar da aka busa ƙaho, amma ita kanta Rifkatu tun ranar da ta cika tana wurin Ubangijinta, ba ciwo, ba hawaye. Mata suka ce amin. Na dubi Ɗanasabe, bakinsa bai motsa ba.

Bayan mako biyu na kai masa kunu, na tarar da na jiya yana nan da kumfa a kai.

Na ce, "Kai tsohon banza, so kake a ce ni na kashe ka da yunwa, in ci gadon jakinka?"

Bai rama ba. A nan na tsorata, don tun muna yara bai taɓa barin magana ta kwana a kansa ba. Can ya ce, "Zuwaira, a ɗaure ta tafi."

"Wa ya ɗaure ta?"

"Ni. Da hannun nan. An ce abin da muka ɗaure nan a ɗaure yake can. Ba mu kwance ba. To yanzu tana ina? Tana ciki? Tana bakin ƙofa? Ko can ma akwai bencin baya?"

Na zubar da kunun jiya, na ajiye masa sabon.

Ya je wurin Fasto Ishaya ya roƙa a kira sunanta ranar Lahadi a ce an karɓe ta. Fasto ya zaunar da shi, ya ce Baba, ba cin jibi ne ke ceton mutum ba, bangaskiya ce da alherin Allah. Ya tuna masa ɓarawon da ya tuba a kan gicciye, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi a yinin nan, bai taɓa zama a kowane benci ba. Amma batun kiran sunan, ya ce tsarinsu bai san karɓar mamaci ba, don wanda ya mutu ya fita daga hannun ekklisiya, ba a yi masa addu'a, ba a kuma yi masa hukunci. Ɗanasabe ya ce ɓarawon ai ba dattawa ne suka sa shi a horo ba.

Daga nan ya shiga yawo da sandarsa. Ya hau ƙaramar bas har wajen Yako, wurin wani katikis, mai koyar da addini na 'yan Katolika, da suka taɓa haɗuwa a asibiti. Wannan ya ce masa a wurinsu akwai inda rai ke tsayawa a tsarkake shi kafin ya shiga, kuma addu'ar masu rai tana rage masa jira. Ya dawo da wannan kamar ya tsinci kuɗi, kwana biyu yana cin tuwo. A na uku ya ce, "To ashe dai jira take yi," ya ture kwanon. Wani tsohon mai bishara kuma, na wata ɗariƙar, ya ce masa matattu barci suke yi, ba su san komai ba sai ranar tashi. Na ce to ka ga, barci take, ka bar ta ta huta da kai. Ya ce, "In ta farka fa? Abin da ta kwanta da shi ai da shi za ta tashi. Saura Lahadi uku."

Na ce masa mu dai namu sadaka muke yi musu. Ya ce su ba sa yi. Na tambayi malamin unguwarmu, shi ma ya ce ba a yi wa wanda ba Musulmi ba. Sai na soya ƙosai kwarya guda na raba wa yara, ban ce na wane ne ba. Wanda Ya halicci wake Ya san inda zai kai.

Ɗanasabe ya daina buga ƙarfen sujada. Ranar Lahadi sai ya wuce kujerar dattawa ya je bencin baya ya zauna a gefen da take zama. In an zo da gurasa ya naɗe hannu. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, shi yana zaune a gindin mangwaron gidansa, rigarsa tana masa yawa. 'Ya'yansa suka zo suka kai shi asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. Ni na san abin da likita bai gani ba. Na je na tare Fasto Ishaya a hanya na ce, "Ɗana, ni ba taku ba ce, amma in kuna son haƙa wani kabarin kafin kaka, ku ci gaba da abin da kuke yi."

Ran Asabar da hantsi dattawa huɗu da fasto suka zo gidansa. Ni ina bakin madafa ina ɓarar gyaɗa, ba wanda ya kore ni, don sun san ba zan koru ba. Zan faɗa muku ƙarshen tun yanzu: washegari aka kira sunan Rifkatu a majami'a, wata bakwai bayan binne ta, fasto ya ce ba don ita ba, don mu da muka rage. An ce har manyan ekklisiyarsu sun aiko wa fasto takardar tambaya. Ɗanasabe ya ci gurasa ran nan. Ya shuka masara a makare, dawa kuwa har yau bai ƙara sa ta a gonarsa ba, kuma ba zan ce muku ya warke ba, don wani lokacin ina iske shi yana kallon ƙasa yana motsa baki. Amma a zaman nan ba a fara da sauƙi ba.

Wani dattijo ya ce, "In muka kwance wa matacce yau, gobe kowa ya zo da kakansa."

Wani ya ce, "Ɗan'uwa, wannan rashin bangaskiya ne. Kai da kake koya mana?"

Fasto ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya matso kusa da Ɗanasabe ya ce, "Baba, ka saurare ni. Horo gyara ne na nan duniya. Igiyar 'yan Adam ce, gajeriya ce, ba ta kai can ba. Mama tana hutawa. Ba abin da za mu kwance, don babu abin da ke ɗaure da ita."

Dattawa suka ce haka ne, haka ne, har ɗaya ya fara laluben takalminsa. Ɗanasabe ya ɗago kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Fasto, ranar da muka mayar da ita baya, ba haka ka karanta mata ba, ni ma ba haka na gaya mata a gida ba. In igiyar ba ta kai can, ku tashi gobe ku gaya wa jama'a ƙarya muka yi wa matata wata huɗu. In kuwa tana kaiwa, ku kwance ta."