Maiƙo a Fuskar Sojojina

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo Dubai sarin takalma a farkon 2020, da niyyar ya ɗan sauka a ɗakina na unguwar International City, ya haɗa kaya ya koma Kano. Ya zo mini da kilishi da yaji, da wata 'yar kwalba ta rubutu mai kauri da Umma ta sa aka yi mini, saboda na taɓa ce mata ba na samun barci. Kilishin bai kwana ba. Rubutun kuwa na ce zan sha, na ɗora shi a kan firji. Ana nan annoba ta zo aka tsayar da jirage, baƙon 'yan kwanaki ya zama ɗan gida.

Ina da abin da ban so a sani a gida ba. Wani abokin aikina ya koya mini fentin 'yan sojojin roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma abin ya shiga raina sosai. Kafin Kawu ya iso na zuba su a kwali na tura ƙarƙashin gado. Da kulle ya yi tsawo, aiki ya koma ta kwamfuta, haƙurina ya ƙare, na fito da su na jera a teburi.

Kawu ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido.

"Wannan fa?"

"Wasa ne kawai, Kawu. Rage lokaci."

"Har da ido da hanci," ya ce. Ya ajiye shi a hankali. "To."

Wannan "to" ɗin ta tsaya mini a rai. Na san Umma: in kalmar gunki ta shiga kunnenta daga bakin ƙaninta, ba za ta sake barci ba sai na ajiye aikin na dawo gida. Kuma a wurinta maganar Kawu ba a yi mata gyara.

A wannan fentin akwai mataki na kusa da ƙarshe da nake ji da shi. Wani tsinkakken fenti ne baƙi, ni ruwan inuwa nake ce masa. Ana shafa shi a kan sojan, sai ya gangara cikin lungunan riga da ƙasan haɓa, ya bushe ya bar inuwa. Sharaɗinsa ya bushe ba ƙyalli. In ya yi sheƙi, aikin ya lalace, sojan ya koma kamar wanda ya ci ƙosai ya goge hannu a fuska. Na san dokokin: a girgiza kwalbar sosai don abin da ke kashe ƙyallin a ƙasan kwalbar yake kwantawa, a rage ruwan burushi a kan takarda, kada a bari ya taru wuri ɗaya, kada a taɓa sai ya bushe.

Duk na kiyaye, amma sojojina suka fara maiƙo. Na fara da zargin kaina, na girgiza kwalbar har hannuna ya yi tsami. Na zargi danshin gari, na ƙure na'urar sanyi har Kawu ya koma kwana da hular sanyi. Na zargi mai shagon da ya sayar mini, na zage shi tas a zuciyata. Maiƙon bai daina ba, ƙaruwa ma ya yi. Ruwa ba ya tsami banza, sai na koma kallon wanda muke kwana ɗaki ɗaya.

Abubuwa suka fara fito mini. Kullum ina amfani da kwalbar ruwan inuwa, amma ba ta raguwa. Ran da na fita cefane na dawo, na tarar an murɗe murfin da ƙarfin da ba nawa ba. Ga Kawu, mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu sai ya jawo kujera ya zauna yana kallon bakina da hannuna ina fenti, carbi na tafiya. In Umma ta kira, baranda yake fita ya ja ƙofa. Sau ɗaya na tsinci, "A'a, bai sani ba. Shwaiya shwaiya dai, Yaya," wato a hankali a hankali da Larabcin 'yan kasuwa.

Na gama yanke hukunci: Kawu ya ɗauke su gumaka, yana ɓata su a ɓoye don in gaji in zubar, kuma yana kai rahoto Kano. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rage hira, shayi ma sai in haɗa nawa ni kaɗai. Shi ko a jikinsa, yana ta waya da masu kago, masu jigilar kaya, yana tambayar yaushe kwantena za ta tashi.

Ina da wata mummunar ɗabi'a da masu wannan fentin da yawa suke da ita, lasar bakin burushi don ya yi tsini. Wata rana bayan la'asar na tsoma, na lasa ba tare da tunani ba, sai na tsaya. Ba ɗacin roba na ji ba. Gawayi na ji, da wani danƙo mai ɗan zaƙi-zaƙi da harshena ya sani tun ina ƙarami, lokacin da Umma ke riƙe mini ƙeya ta kafa mini kofi. Ƙaro ne, wanda ake dafa tawada da shi don ta kama allo ta yi sheƙi. Na miƙe na leƙa kan firji. Kwalbar rubutun ta ragu fiye da rabi.

Na ɗauko ta na ajiye a gaban Kawu, kusa da ta ruwan inuwa.

"Kawu, me sojojin nan suka yi maka?"

Ya dubi kwalaben biyu, ya dube ni, bai ko ji kunya ba.

"Ina ruwana da 'yan tsanarka? Uwarka ta haɗa ni da Allah kada in dawo sai ka sha. Na yi maka magana, ka ce za ka sha. Na sake yi, ka ce za ka sha. Ni ba zan danne ƙato kamarka in ɗura masa ba. Sai na ga kana lasar abin nan kamar mage. Na ce khalas, shi ke nan, ga hanya."

"Ka ɓata mini aiki."

"Ni gani na yi sun ƙara kyau. Da duk sun yi furu-furu kamar ba sa wanka."

Na so in ci gaba da fushi, amma tambayar da ke cina ta riga fitowa.

"Ka gaya mata ina ajiye su?"

"In gaya mata me? Mace mai hawan jini, ɗanta na wata uwa duniya, ciwo na yawo a gari?"

Ba mu gama ba waya ta yi ƙara. Wannan karon bai fita baranda ba, ya buɗe muryar ya ajiye wayar a teburi, tsakanin sojojin. Bayan gaisuwa Umma ta rage murya, ba ta san ina ji ba.

"Yana dai sha ko?"

"Kullum, Yaya. Kaɗan-kaɗan."

"Alhamdulillahi. Ai na ji muryarsa ta washe. Ni ma kwana biyun nan na samu ina runtsawa."

Ban taɓa sanin ba ta barci ba. Na buɗe kwalbar rubutun na juye sauran a kofi, na ƙara ruwa, na shanye a tsaye Kawu na kallona.

Daga baya na sayi sabon ruwan inuwa, da wani feshi da ke kashe ƙyalli nan take. Duk sojojin da na yi bayan tafiyar Kawu sun fito yadda ake so. Na zamanin kullen suna layin gaba a kan kanta, fuska sai maiƙo, kuma duk wanda ya san aikin in ya gani sai ya ba ni shawarar in riƙa girgiza kwalba. Nakan ce masa na gode. Har yau ban fesa musu ba.