Kwalba ta Bakwai

A wurin aiki Sai-na-gani suke ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Tun tana ƙarama haka take: in uwarta ta ce ta kulle ƙofa, sai ta bi bayanta ta tura ta ji. Mijinta yakan ce ranar da ya fara ce mata yana sonta, sai da ta nemi a maimaita gwajin.

Shekararta ashirin da biyu a ɗakin gwaji na tashar da ake raba ɗanyen mai da ruwa. Man wurin mai kauri ne, baƙi wuluk, ruwa ya maƙale a cikinsa ɗigo-ɗigo, ko mako ya yi a ajiye ba zai kwanta ba sai an ɗiga masa wani sinadari da ake kira folima. Aikinta shi ne ta faɗi wane sinadari ya fi. Takan cika kwalabe bakwai da mai, ta ɗiga wa shida sinadarai daban-daban, ta girgiza kowace sau ɗari, ta tsoma su a ruwan zafi, ta zuba musu ido har ruwa ya taru a gindi. Ta bakwai ba ta sa mata komai, ita ce shaida. Abin da ta sa wa hannu shi kamfani ke zubawa a bututu shekara guda, kuma ba a taɓa kama ƙarya a ƙarƙashin sa hannunta ba. Duk duniya ba ta da abin taƙama kamar wannan.

Bana sai kwalba ta bakwai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta saki ruwa, ita da ba a ba komai ba. Sauran shida kuwa duk sun zama gwanaye, har da sinadarin wani sabon dillali mai zaƙin baki da turare kamar ango. Abokan aikinta suka yi murna, ita kuwa gabanta ya faɗi, domin ta san wani ya riga ta sa wa man nan sinadari, ga shi ranar Alhamis ta ƙarshen wata ake jiran rahoto.

Ta zargi mai wanke kwalabe, ta wanke da kanta. Ta canza kwaɗon ƙofa, ta daina barin jakarta ko don zuwa bayi. Kwalbar ba ta fasa halinta ba. Saura mutum ɗaya, Baba mai ɗebo samfur, wanda ta tarar a tashar tun zuwanta. Ta taɓa hango shi yana dariya da dillalin, wannan ya ishe ta. Mako biyu tana amsa gaisuwarsa a daƙile, tana shinshina galan ɗinsa a gabansa.

Ranar Laraba da safe, ana gobe rahoto, ta bi shi daga nesa. Famfon da ake ɗiban samfur yana can saman dandamali, matakala arba'in, kafin wurin da sinadari ke shiga bututu. Baba ya taka ɗaya, ya taka biyu, a ta uku ya dafe gwiwa ya tsaya cak. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauko da baya, ya waiwaya hagu da dama, ya nufi ƙaramin famfon ƙasa, inda man ya riga ya sha sinadari. Ba dillali, ba kowa.

Da ya ɗago ya gan ta, bai yi musu ba. Ya ce wata huɗu ke nan gwiwar ta ƙi, kuma ya san zargin da take yi masa, ya ƙyale ta ne don ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Baba, dole in rubuta dalilin da gwajin ya lalace."

"Na sani, 'yata. Amma ki rubuta sakaci na yi. Mai sakaci takardar gargaɗi ake ba shi, ya dawo aiki. In kika rubuta gwiwa, gida za su tura ni."

Ta karɓi galan ɗin, ta hau da kanta tana haki, ta ce masa daga yau hawan nata ne, shi ya riƙa jira a ƙasa. Da sabon samfur kwalba ta bakwai ta tsaya baƙa ƙirin, sinadarin dillalin kuma ya zo na biyar.

Ranar Alhamis ta cike rahoton layi-layi, duk gaskiya, har ta iso layin dalili. Ta ajiye biro, ta sha ruwa, ta sake ɗauka. Ta rubuta sakaci, ta sa hannu. Ta so a ce hannun ya yi rawa ko kaɗan, amma sa hannun ya fito tsaf kamar kullum, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro.