Hannun Yayana Mai Aski

Yayana mai aski ne. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da aska, bai taɓa fitar wa kowa jini ba. In kana shakka ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama shafa maka sabulu ya faɗa maka sau uku. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da madubi mai tsaga a gefe, da benci, da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Ni ƙanwarsa ce, ina ɗinki a shagon da ke manne da nasa, don haka na sha labarin hannun nan har ya gundure ni.

Kowace Laraba yakan rufe shago, ya rataya jaka, ya bi gidajen tsofaffin da ƙafa ta gaza musu. Su bakwai ne. Na ƙarshe a zagayen shi ne wani tsoho da muke kira Baba, wanda ya koya masa sana'ar, yanzu kuma ɓarin jikinsa ya shanye. Baba ba ya yarda kowa ya taɓa masa fuska sai Yaya.

Da annoba ta shigo, aka kafa rumfar rigakafi a bakin titinmu. Ni da mai gyaran waya na layinmu muka je rana ɗaya. Hannuna ya yi tsami kwana biyu, ko dutsen guga na kasa ɗagawa, sai bakina ya ja mini, na yi ƙorafi a gaban Yaya.

"Kwana biyu?" ya ce. "To wa zai riƙe mini askar?"

"Sai a yi maka a hagu, Yaya."

"Ke dai ɗinkinki kika sani. Hagu ce ke jan fata. In ta yi nauyi, dama sai ta yanki mutum."

Ba tsoron allura yake yi ba, kuma bai taɓa ɗaukar surutan da ake yi a kanta ba. Shi ne ma yake tura masu zuwa aski su je a yi musu. Jira yake ya samu kwana biyun da ba kowa a benci, kwanakin kuwa ba su zo ba. 'Yar Baba ta so ta kai mahaifinta rumfar, tsohon ya kafe. "Ranar da yaron nan zai je, ya tura ni a keke mu tafi tare," in ji shi. Yaron da furfura ta kai masa har gira! Yaya ya ce mako mai zuwa. Sau shida yana faɗin haka.

Sai cutar ta iso layinmu. Mai gyaran waya ya yi ɗan tari ya miƙe, ko matarsa bai shafa wa ba. Ni ko atishawa ban yi ba. Yaya kuwa ya wayi garin wata Laraba da ƙaiƙayin maƙogwaro, ya ce ƙurar gashi ce, ya rataya jaka. Yana sa takunkumi, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Amma numfashinsa kan rufe masa tabarau da hazo, mai aski kuma ba ya aiki a makance, don haka in ya iso wuya sai ya ja takunkumin ƙasa. Wanda ake yi wa aski dama fuskarsa a buɗe take. Haka ya yi, hanci da hanci, gida bakwai.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗaki, matarsa na ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Ni ce mai kai masa labari ta taga, kuma har yau ina jin haushin da ya zama ni. Biyar daga cikin tsofaffin an yi musu allura. Uku suka yi mura suka ware, biyu ba abin da ya same su. Sauran biyun aka kwasa zuwa asibiti. Ɗaya, wani tsohon direba, ya dawo gida da robar iska a hanci. 'Yar Baba, da ta yi allura, ta yi jinyar mahaifinta kwana huɗu ba ta kamu ba. Baba bai dawo ba.

Da na faɗa wa Yaya bai yi kuka ba. Sai ya ce, "Wa ya gyara masa fuska?"

Na ce ba a bar kowa ya matsa kusa ba.

'Yar Baba ba ta zage shi ba, da ta zage shi ma da ya fi sauƙi. In sun haɗu a hanya takan gaishe shi kamar baƙo ta wuce. Ya sake buɗe shago, amma da kilifa kaɗai yake aiki, askar na cikin jaka. Laraba har yanzu yana rufewa, sai dai ba ya zuwa ko'ina. Ta bango nake jin ƙarar fankarsa.

Da ma'aikaciyar rumfar ta ce jikinsa ya yi ƙwarin da za a yi masa allurar, ya tafi shi kaɗai, ya naɗe hannun rigarsa na dama. A rana ta uku ya shigo shagona ba sallama, ya ɗaga hannun sama, ya juya shi, ya sauke.

"Ya saki," ya ce. "Kwana biyu ne, kamar yadda kika faɗa. Kwana biyu kawai."

Na tsayar da keken ɗinki na dubi hannun.