Ƙararrawar da Na Ƙi Ratayawa

Shekarata saba'in da ɗaya lokacin da babban ɗana ya aiko mana da takardun zuwa Japan, ni da mahaifiyarsa. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Tun da ya gama karatun injuna nake ce masa Injiniya, da farko cikin zolaya, daga baya sunan ya bi shi. Ya daɗe a can yana aiki, ya zo ya ɗauki matarsa, an haifa masa 'ya mace, mu kuwa ba mu san ƙasar ba sai ta gilashin waya. Ya ce ya samu hutun mako biyu, yana so mu ga birane, sannan a bi wata tsohuwar hanya ta cikin duwatsu, wadda fatake da manzannin sarakuna suke bi kafin zuwan jirgin ƙasa. Ya rufe maganar da cewa su za su taka da ƙafa, ni da Hajiya kuwa za a sa mu a mota mu jira su a gari na gaba.

Na tambaye shi nisan hanyar.

"Huit kilomètres, Baba, kuma akwai hawa," in ji shi, wato kilomita takwas. 'Ya'yanmu na Yawunde in lissafi ya taso sai harshensu ya koma Faransanci.

Na ce masa kakansa da ƙafa ya zo garin nan daga arewa, yana bayan shanu, bai tambayi kowa kilomita ba. Ya ce kakansa ba shi da ciwon gwiwa. Na ce ya je ya sayo mini takalmin hawa dutse.

Wata uku na yi ina shiri. Da an sallame asuba sai in ɗauki sandata in fita daga unguwarmu ta Briqueterie, teloli ba su buɗe ba tukuna, masu suya suna kankare wayar gasa namansu. In gangara kasuwar Mokolo daidai lokacin da ake sauke ayaba da rogo daga manyan motoci, in ratsa Messa, in haura har Cité Verte, in dawo. Abokan sahuna na masallaci ba su bar ni na huta ba. Wani ya tambaye ni ko an ɗauke ni aikin rabon wasiƙu ne. Wani, wanda ya fi shi ɗaci, ya ce bai taɓa ganin malamin da ya bar Umra ya tafi kallon masu gumaka ba. Na amsa masa cewa na je Makka sau uku, kuma wanda ya halicci Makka shi ya halicci Japan, sannan umarnin da aka yi mana na tafiya cikin ƙasa mu duba bai zo da iyaka ba. Bai gamsu ba, ni ma ban nemi ya gamsu ba.

Biranen ba zan tsawaita a kansu ba. A Tokyo na ga taron da ya fi na Mokolo ranar jajiberen salla, amma ba mai taka ƙafar wani. A Kyoto na tsaya a harabar wuraren bautarsu ina kallon aikin katako, ban shiga inda ake bautar ba, ba kuma wanda ya matsa mini. Abu biyu suka kwanta mini a rai: suna cire takalmi a bakin ƙofa, kuma sun san darajar ruwa a bayan gida. Hajiya ta tafi da yajinta a gwangwani, ta barbaɗa shi a kan duk kifin da aka ajiye mana, ɗanye da dafaffe.

A rana ta tara muka isa Magome, inda hanyar take farawa. Ƙauye ne da aka jera a jikin tudu, titinsa shimfiɗe da duwatsu, ruwa yana gudu a gefe. Lokacin kaka ne, ganyaye sun yi ja. Injiniya ya shiga wani ɗan ofis inda ake karɓar jakunkunan matafiya a kai musu gari na gaba, Tsumago, ya fito da ƙananan ƙararrawa guda biyar da matar ofishin ta ba shi. Ya ɗaura wa matarsa ɗaya a jaka, ya ba 'yarsa, ya miƙa wa mahaifiyarsa, wadda ita ma ta ƙi mota, ya nufo ni da tawa.

Ya yi mini bayani. A dajin akwai dabbar nan da littattafan Larabci suke kira dubbu, baƙa, mai farata, wadda takan miƙe a kan ƙafa biyu. Ba ta farautar mutum, amma in aka yi kiciɓis da ita ba shiri sai ta kai hari. Shi ya sa kowane matafiyi yake rataya ƙararrawa, ta ji motsinsa tun daga nesa ta kauce.

Na mayar da hannuna baya. Tun ina saurayi a gaban malamina na karanta cewa mala'ikun rahama ba sa rakiyar ayarin da yake ɗauke da ƙararrawa, na kuma karantar da hakan fiye da shekara arba'in a zaurena. Ban ga yadda zan tsallake teku in rataya a wuyana abin da nake hana ɗalibaina ratayawa a wuyan tunkiya ba.

"Baba, kai ka karantar da ni cewa malamai sun yi saɓani a kan wannan," in ji Injiniya. "Wasu sun ce karhanci ne kawai. Kuma kai ka ce larura tana halatta abin da aka hana."

Na ji daɗi a raina da bai manta ba, amma ban nuna masa ba.

Na ce, "Larura ita ce in babu wata mafita. Dubbun nan, ƙarfe yake gudu ko ƙara?"

"Ƙara."

"To koma ka tambayi matar ofishin, in muryar mutum ba ta isa ba."

Ya shiga, ya jima, ya fito fuska a ɗaure. Ta ce kowace irin ƙara tana yi, magana ko waƙa, muddin ba a yi dogon shiru ba.

"Awa uku ne, Baba, ko fiye. Ko ƙararrawa, ko mota. Motar tana tashi nan da rabin sa'a."

"Ba ƙararrawa, ba mota. Ina karantar da mutum sittin a zaure ba lasifika, na ƙarshe yana ji daga bakin titi. Ku kwance su ku sa a jakunkunan da za a kai. Ni ne ƙararrawarku."

Surukata ta sunkuyar da kai, ba ta magana a gabana. Jikata, mai shekara tara, ta dube ni ta ce, "Maigida, in dubbu ya cinye ka, kwana nawa zan yi takaba?"

"Amarya, ke zai fara ci, ni ƙashi ne zalla."

Hajiya ce ta raba gardamar. Ta kwance tata ta miƙa wa ɗanta ta ce, "Ka san halin ubanka. In ba haka ba a nan za mu yini."

Na riga na yanke cewa ba zan mayar da Alƙur'ani abin korar dabba ba. Baitocin fiƙihu na ɗauko, waɗanda nake biya wa ɗalibai, kuma na yi su yadda ake yi a zaure: in rera baiti da Larabci, in fassara shi da Hausa gaɓa-gaɓa, in wuce na gaba. Na fara da babin ruwa, wanda ake tsarki da shi da wanda ba a yi, muna haura titin ƙauyen. Kafin mu wuce gonakin shinkafa na shiga farillan alwala.

Hawa da karatu ba sa shiri, na gane haka tun a sa'ar farko. Na riƙa yanka baiti biyu ina numfashi a tsakiya, abin da nake yi wa ɗalibi tsawa in ya yi. Gwiwar ta fara magana, ban saurare ta ba. A bakin hanya, nan da can, an kafa turaku da manyan ƙararrawa, matafiya suna kaɗawa in sun zo wucewa. Ban hana kowa ba, ba ayarina ba ne. Waɗanda muka yi karo da su suna rusunawa su gaishe mu, ni kuwa in ɗora hannu a ƙirji ba tare da na yanke baiti ba. Wani dattijo mai hular kaba ya jera da mu na ɗan lokaci yana gyaɗa kai daidai da karin, bai san hukuncin mai rafkanwa a salla nake karanta masa ba.

Mun kai ƙololuwar tudun ina cikin babin sallar matafiyi. Ba da nisa ba akwai wani tsohon gidan katako mai murhu a tsakiya, inda ake ba masu wucewa shayi. Na sha kofi biyu. Da na yi wa mai gidan godiya sai na ji muryata ta fito da ƙaiƙayi. Injiniya ma ya ji.

"Baba, ka yi rabi, kuma rabin da ya fi wuya. Ba wanda zai ce ka kasa."

"Wa ya ce ina jiran abin da wani zai ce?"

Daga nan hanyar ta gangara cikin daji sosai. Itatuwa ne dogaye, miƙaƙƙu, sun rufe sama, sanyi yana fitowa daga ƙasa. Matafiya sun ragu har muka zama mu kaɗai. A jikin wata bishiya an manna takarda da zanen dabbar, Injiniya ya karanta bai fassara ba, sai da na tambaya. Ya ce an ga ɗaya a wannan yankin cikin makon nan. Surukata ta kama hannun 'yarta.

Na ɗaga murya na shiga babin zakka. Na wuce nisabin zinariya da azurfa, na wuce na hatsi. A zakkar raƙuma muryar ta tsage. Na yi gyaran murya na sake, sai iska. Na sake, ko jikata da take gabana ba ta waiwayo ba.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. A Briqueterie ko mutum ya toshe kunne yana jin keken ɗinki da babur. A nan sai ƙarar wani rafi daga ƙasa, da takunmu, shi ma ganyen da ya zuba yana shanye shi.

Injiniya ya tsaya. Ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa ya fito da ƙararrawa guda, wadda dama ya cusa wa takarda a ciki don kada ta yi ƙara. Ashe huɗu ya sa a jaka. Ya riƙe ta a tafin hannu yana dubana.

Na san hukuncin, ba sai an tuna mini ba. Tsare rai yana gaba da guje wa makaruhi, kuma rayukan da na ɗauko amanarsu ba nawa ba ne. Mafitar da na kafa hujja da ita ta ƙare a maƙogwarona. Na daɗe a tsaye, na dafa sanda, ina neman ƙarfin gyaɗa masa kai.

Sai na ji an ɗauko baitin daga bayana, daidai inda na yanke.

Hajiya ce. Ta rera Larabcin da irin karina, ta fassara shi gaɓa-gaɓa: raƙumi biyar akuya ɗaya, goma akuya biyu. Ba ta taɓa zama a gabana da littafi ba. Ɗakin girkinta ne yake jingine da zauren, bango ɗaya ya raba su. Ta wuce ni ta shiga gaba, mayafinta a kan rigar sanyi, muryarta siririya ce amma tana ratsa itatuwa fiye da tawa. Da ta kai ƙarshen baitin sai ta ce, da irin tsawata, "Na bayan can, barci kuke yi ko kuna ji?"

Jikata ta fashe da dariya. Har surukata sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Ina da magana a kan ɗaga muryar mace a hanya, da bayaninta da saɓanin da ke ciki, amma ba ni da muryar faɗa, kuma ba kowa a dajin sai muharramanta. Wanda ya ga laifi a cikin wannan ya same ni a zaure da hujjarsa.

Muka ci gaba. Ta gama raƙuma ta shiga shanu da tumaki, ta fita zakka ta kama azumi. Mun wuce inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, ta ƙara murya ta danne shi. Sau ɗaya na ji kamar ta sauya wasali, na buga sanda a kan dutse yadda nake buga wa ɗalibai. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Haka kake faɗa shekara arba'in, Malam. In kuskure ne, naka ne."

Ban sake bugawa ba. Gwiwar ta kumbura, gangara ta fi hawa cin ta. Injiniya ya matso sau biyu zai kama hannuna, na nuna masa gaba da sanda. Na riƙa sauke ƙafa ɗaya in jawo ɗayar, ina bin baitocin a zuci, mataki ɗaya kalma ɗaya. Ba mu ga dubbu ba. Ko ya ji mu ya kauce, ko dama ba ya kusa, wannan ilimin yana wurin Allah.

Rana ta karkata lokacin da dajin ya buɗe, rufin gidajen Tsumago suka bayyana, baƙaƙen katako a jere. Hajiya tana tsakiyar abubuwan da suke karya azumi, ta hango wasu mata suna shara a ƙofar gida, sai ta yi shiru, ta gyara mayafinta ta koma bayana.

"Mun iso cikin mutane," in ji ta.

Injiniya ya dubi ƙararrawar da ke hannunsa, takardar tana nan a cikinta yadda ya cusa. Ya mayar da ita aljihu. Sauran 'yar tazarar da ta rage zuwa masauki na taka ta da ƙafata, ni ne a gaba.