Ɗauko Inna da Motar Yaya Habu

Ina kan keken ɗinki a shagona na Sabon Gari, cikin Maradi, ranar Talata da hantsi, salula ta yi ƙara. Maƙwabcin yayana Habu ne daga Jiratawa. Ya ce, "Laminu, aje abin da kake yi ka taho. Habu ya faɗi cikin gona, kafin mu kai shi likita rai ya yi halinsa." Na yi salati, na rufe shago da rigar mutane rabi ɗinke a kan keke. Kafin la'asar an yi masa sutura, mun kai shi makwancinsa.

Innarmu ba ta samu zuwa ba. Tana ƙauyenmu, can bayan Tsibiri, ƙetaren gulbi. Tun da ta faɗi a bakin rijiya bara waccan ƙugunta bai koma daidai ba, ba ta iya hawan kabu-kabu ko amalanke, kuma damina ta cinye hanyar har ƙananan motoci sun daina shiga. Ranar Alhamis ta sa aka kira ni. Ta ce, "Ina son ranar bakwai ta iske ni zaune kusa da yarinyar nan." Rabi take nufi, matar marigayin. Shi kuwa ba ta ambace shi ba. Ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "mai mota" take ce masa.

Motar da za ta iya wannan hanya guda ce, tsohuwar katkat ɗin Yaya, buɗaɗɗiyar mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda yake kai zogala da albasa kasuwar Maradi da ita. Na taɓa tuƙin taksi kafin in kama ɗinki, don haka tuƙi bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, in ba kaya a bayanta, motar nan tsalle take yi kamar ɗan akuya. Addu'ar bakwai ranar Litinin ce da safe.

Asabar: Jiratawa zuwa Tsibiri

Da aka sallame asuba na yi sallama ƙofar ɗakin Rabi. Ta turo makullin motar ta ƙarƙashin labule, ta ce Allah ya tsare hanya. Na shiga mota na iske ƙafata ba ta kai birki ba, sai da na jawo kujerar gaba sosai. Yaya dogo ne, kakkaura. Na ɗan jima zaune kafin in tayar.

A shingen shiga Maradi wani jandarma ya leƙo, ya dubi motar, ya dube ni.

"Ina mai ita?"

"Ya rasu ran Talata."

Ya maido mini takardun bai buɗe ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan shi. Wuce."

Na sha man gazuwal cikin gari, na kama kwaltar Tsibiri. Ko a kan kwalta duk ramin da na taka sai na ji shi a haƙorana.

Garejin Ishaya yana ƙarƙashin wani itacen dogon yaro kafin a shiga kasuwa. Ishaya Kirista ne, abokin Yaya tun suna lakwal, wato makarantar boko, kuma shi kaɗai ke taɓa motar nan. Ya zo mana gaisuwa tun ran Laraba. Da ya ga motar ta tsaya sai ya juya baya, ya yi ta goge hannunsa da tsumma. Sa'an nan ya ce, "To, mi ke tahe da kai?"

Na faɗa masa. Ya zagaya baya, ya danna gefen motar da ƙarfinsa duka, ya saki. Ko motsi ba ta yi ba.

"Ka gani? Habu jaki ya maida ta. Lam biyu-biyu ya sa na ƙara mashi kowane gehe, don buhunan albasa."

Lam su ne faifan ƙarfen nan da ke jere bisa ƙafafun baya. Ya ce su ke ɗaukar nauyi, shi kuwa amortisar aikinsa ya hana mota ta yi ta rawa bayan ta faɗa rami. Na motar Yaya irin masu kunne ne, wani ɗan maɓalli a gindinsu mai lamba ɗaya zuwa tara. In an murɗa sama su yi tauri, in an yi ƙasa su yi laushi. Yaya ya bar su a takwas.

Aikin ya ci mu har bayan la'asar. Aka ɗaga motar da kirik, aka kwance, Ishaya ya zare lam ɗin da aka ƙara ya jingine su jikin itace. Ya duba ko amortisar na yoyon mai, bai gani ba, sai dai robar ɗaya ta cinye, ya canza ta. Ya maida kunnen uku. Na ce ya kai shi ɗaya mana, ya yi laushi ƙwarai.

"In na kai shi ɗaya, Inna za ta zaci kwalekwale ta shiga, ta maido abin da ta ci tun jiya. Laushi ma yana da iyaka."

Ya ciko kwanon sha da ruwa, ya aje bisa kujerar gaba, ya ce in ja a hankali ta hanyar bayan gareji, mai ramuka. Ya ce duk inda ruwa ya zuba, nan Inna za ta ji ciwo. Karon farko kujera ta jiƙe. Ya shiga ƙarƙashi ya rage kunnen na gaba da lamba ɗaya, muka sake. Ruwan ya yi ta kaɗawa amma bai tsallake baki ba.

"Inna ta kai nauyin mi?"

"Ba ta kai buhun hatsi ba."

"Ita kaɗai ce?"

"Ita kaɗai."

Haka na ce masa, haka kuma na ɗauka. Matarsa Saratu ta kawo mana tuwo da miyar kuka, na kwana a zaurensa.

Lahadi: ƙauye, da komowa

Na tashi da sassafe. A bakin gulbi na rage iskar tayoyi kamar yadda Ishaya ya nuna mini, don kada rairayi ya riƙe ni. Ruwa ya janye, sai laka nan da can. Motar tana tafiya lumui, har na ji hankalina ya ɗan kwanta.

Da na shiga ƙofar gidanmu na iske mata jere a kan tabarma, kowa da ƙunshinta. Gefe ga buhun gero biyu na sadaka, ga damin itace, ga babbar tukunya, ga akuya ɗaure. Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ita ce a gaba. Bayan mun yi wa juna gaisuwa na ce mata a hankali, Inna kaɗai na zo ɗauka, motar an gyara ta ne don mutum guda.

"Kai, ɗan nema! A ina ka taɓa ganin uwa ta tahi makokin ɗanta ita kaɗai kamar marar dangi? Ɗinki ya cinye maka hankali?"

Gaskiyarta ce. A nan aka haife ni, na san haka ake yi, amma kwana biyun nan ƙugun Inna kawai nake gani. Na dubi Inna ko za ta sa baki. Tana zaune jingine da bango, carbi a hannu. Ta ce, "Mai motar bai taɓa barin kowa ƙasa ba." 

Muka ɗauke ta ni da Gwaggo, muka zaunar da ita gaba, muka tokare ta da matasan kai. Aka loda kaya, mata suka hau. Na ga bayan motar ya zauna har taya na neman taɓa jiki.

Ramin farko bayan gari, sai na ji kwas, ƙarfe ya daki ƙarfe. Inna ba ta yi ƙara ba. Ta runtse ido, ta damƙe murfin ƙofa. A na biyu na ga zufa na bin gefen fuskarta. Na tsaya ƙarƙashin wani gawo na kira Ishaya. Sai a kira na uku ya ɗauka, ina jin waƙa a bayansa, ashe daga cikin majami'a ya fito. Na gaya masa halin da muke ciki.

"Mutum nawa?" Na faɗa masa, har da akuyar. Ya ce, "Ni ma wawa ne, da na tambaye ka ita kaɗai ce na yarda. To ji nan. Lam ba ka da su, suna nan wurina. Shiga ƙarƙashi ka kai kunnen baya bakwai, duka biyun daidai, kada ɗaya ya ɗara ɗaya. Ba zai ɗauke nauyin ba, amma zai hana ta faɗawa da ƙarhi. Ka turo geron gaba ya jingina da kan mota. Duk inda hanya ta ɓaci, mutane su sauka."

Na shimfiɗa buhu na kwanta ƙarƙashin mota. Kunnen ya yi zafi, ga laka ta rufe lambar, sai da na kankare da farce. Ina murɗawa ina jin ƙas, ƙas. Gwaggo Hajo ta sunkuyo tana kallon ƙafafuna.

"Tela, in ka gama ka yi mata kalmasa."

Matan suka yi dariya, karo na farko tun safe, sa'an nan suka katse ta kamar sun ji kunya.

Haka muka yi tafiyar. In na hango wuri marar kyau sai in tsaya, su sauka, in lallaɓa in wuce, su biyo ni a ƙasa su sake hawa. Wasunsu sun girmi Inna. Ba wadda ta yi gunaguni sai Gwaggo, ita ma da akuya take faɗa. Rairayin gulbi duk a ƙasa suka ƙetare shi, rana tsaka. Muna jiran su a ɗaya gefen, mu biyu cikin mota, Inna ta kai hannu ta shafa gefen kujerar da nake zaune, inda fatar ta lotsa.

"Nan yake zama?"

Na ce nan ne. 

Mun shiga Tsibiri azahar ta wuce. Ishaya na jiran mu da rigarsa ta zuwa majami'a, ya tuɓe ta ya rataya a reshe. Saratu ta shigar da Inna ɗaki ta kwantar, ta gasa mata ƙugu da ruwan zafi, ta dama wa sauran fura. Ishaya ya ce in aka maida lam duka, Inna za ta sha wuya, in aka bar su haka, ƙarfe zai ci gaba da duka. Ya maida ɗaya-ɗaya kowane gefe, ya aje kunnen baya a biyar. Wannan karon ya ce kowa ya hau, da gero da akuya, Gwaggo Hajo ta zauna gaba ta riƙe kwanon ruwa. A ramin farko ruwa ya fantsamo mata a zane.

"Ishaya, Allah ya shirye ka! Wanka na ce maka ina so?"

"Yi haƙuri, Gwaggo, saura kaɗan."

Ya ƙara lamba ɗaya a kunnen baya, muka sake zagayawa, zanen bai ƙara jiƙewa ba. Ya cika mana iskar tayoyi. Da magariba muka isa Sabon Gari, matan suka kwana a gidana, ni na kwana shago.

Litinin: Jiratawa

Mun bar Maradi gari bai gama wayewa ba. Hanyar ba ta da tsawo, amma na ja ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Inna ba ta runtse ido ko sau ɗaya ba, tana ta kallon gonakin zogala da magudanan ruwa, waɗanda ba ta taɓa gani ba sai a labari. Mun isa ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai ba su fara ba.

A kan kujera muka shigar da ita. Ta ce a aje ta ƙasa kusa da Rabi. Rabi ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Inna ta dafa kanta, ta ce, "Ya isa, ɗiyata. Ga ni na zo." Na fita wurin maza. Aka yi addu'a, aka raba sadaka, geron ƙauyenmu yana ciki.

Washegari na maida Gwaggo Hajo da sauran mata gida. Inna ta ce ba za ta bi mu ba, sai Rabi ta fita takaba. Ko da ta so ma ba za ta iya ba, domin ramukan nan biyu na farko sun taɓa ta, ta yi kwanaki ba ta iya juyawa sai an juya ta. Yanzu da sauƙi, tana zama da kanta.

Na komo Sabon Gari ran Laraba, na ƙarasa rigar da na bari. Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu. Na gode wa Ishaya da Saratu, da matan garinmu da suka taka rairayi da ƙafa don Inna ta isa. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa ya huta.

Zogalar gonarsa ta isa yanka, ƴaƴansa kuma da ita za su ci. Ishaya ya aiko in kawo motar ya maida sauran lam biyun, don ta iya ɗaukar kaya kamar da. In an maida su, ba za ta ɗauki Inna ba ranar da za ta koma gida. Har yau ban kai motar ba.