Tabarmar da Yaya Ummaru Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Ummaru. Kowace shekara nakan rubuta 'yan layuka a wannan fili, in yabe shi, in roƙa masa gafara, in ajiye alƙalami. Bana yabon ya ƙi fita, domin akwai maganar da ya bar mini amana na danne, kuma na gaji da ɗaukarta.

Yaya Ummaru ne ya haɗa ƙungiyoyin unguwarmu ta Gidan Igwai wuri guda. Akwai mahauta da masu keke napep, akwai makafi, akwai makanikai waɗanda da yawansu Kiristoci ne, ga kuma mata masu turara shinkafa. Aikin ba wani mai suna ba ne. A yashe kwatoci kafin damina, a raka marar lafiya asibiti, a sasanta maƙwabta kafin magana ta kai ga 'yan sanda. Duk Asabar bayan la'asar ake zama ƙarƙashin wata darbejiya, maza da tabarmarsu, mata da tasu.

Yana da wata ɗabi'a da nake yi masa tsiya a kanta. Ɗan gidan malamai ne, amma ba ya zama a tsakiya. Can gefe yake raɓewa, inda ake tuɓe takalma, kuma daga nan magana ke farawa. Wanda ya zo a makare, ko yake jin kansa baƙo, shi ne zai fara. Shugaba sai ƙarshe. Na taɓa ce masa ya zama sarkin takalma. Ya yi dariya ya ce ai na san mutanenmu: da zarar malami ya buɗe baki, sauran sai "haka ne, Malam," ko da cikinsu na cewa ba haka ba ne.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata safiya ya sa na matso kusa. Ya ce idan ta Allah ta kasance, in gaya wa jama'a cewa shi Hajiya Kulu yake ganin ta dace ta riƙe zaman. Ita ce shugabar mata masu shinkafa, bazawara, ba ta yi boko ba, amma ta san kowane lungu da abin da ke damun mutanensa. Ya ce ba umarni ba ne, shawara ce, a bar mutane su zaɓa. Na ce to.

Ranar addu'ar uku, muna zaune a ƙofar gida, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce tun da ga ƙanen marigayi, ai ba sai an wahala wajen neman mai riƙe zaman ba. Aka ɗaga hannu aka yi fatiha, kamar ana naɗin sarauta. Matan suna cikin gida wajen ta'aziyya, makanikai sun riga sun yi gaisuwa sun tafi. Na buɗe baki, na rufe. Na gaya wa kaina cewa gari bai shirya mace ta shugabanci maza ba, kuma ba a gardama a zaman makoki. Gaskiyar ita ce abin ya yi mini daɗi.

Ban kori kowa da gangan ba, na dai yi abin da tsohon malamin makaranta ya iya. Na mayar da zaman zauren gidanmu saboda ya fi sanyi, ban tuna cewa mace ba za ta kutsa zaure cike da maza ba, makanike da baƙin mai a rigarsa ma zai ji nauyi. Yaya da ƙafa yake bin kowace ƙungiya ya gayyace ta. Ni na koma tura saƙo ta waya, har da makafi. Kuma ni ke buɗe taro da jawabi. Sai aka yi ta ce mini "haka ne, Malam," ina jin daɗi, mutane suna raguwa. Yau idan an zauna, duk fuskokin da nake gani a sahun gaba na masallacinmu ne.

Da yaya zai leƙo, na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Takalman bakin ƙofa zai duba, ya tambaye ni ina silifas ɗin mata, ina sandunan makafi. Zai kuma tambayi kwatar da ke bayan inda mata ke shanya shinkafa. Damina biyu ba a yashe ta ba, domin babu wanda ke zaune a zauren da ya san ta toshe. Bara ruwa ya bi ta nan ya kwantar da katangar gidaje uku, ɗaya na Hajiya Kulu ne. A bakin mai shayi na ji labarin.

Makon jiya na taka da ƙafata na je wurinta. Na tarar da ita a kan kujera 'yar tsugunno, ƙafafunta sun kumbura, jikokinta mata na juya shinkafa a rana. Bayan gaisuwa na faɗa mata komai, kaina a ƙasa.

"Malam, ai na sani," in ji ta. "Shi ma ya hwaɗa mani, kwana biyu kahin shi rasu. Yac ce in yi kurum, kai za ka hwaɗi da bakinka."

Na tambaye ta me ya hana ta magana duk shekarun nan.

"Ƙanenai kake. In ni tashi in ce ni anka ba, wa ka yarda? Jiranka ni ka yi."

Na ce to yanzu ta karɓa, zan tara kowa in faɗa. Ta nuna mini ƙafafunta. Ta ce ko masallacin Idi ba ta iya zuwa, balle bin lunguna. Lokacin da take da ƙarfin ya wuce. Abu ɗaya ta roƙa, in mayar da zama ƙarƙashin darbejiya, in bar mutane su zaɓi wanda suke so, mahauci ne ko makanike ko ɗaya daga cikin matan da ta koya wa aiki.

Na fito ina share ido da hannun riga a tsakiyar titi, masu keke napep suna yi mini oda. Shekara bakwai na hana unguwa shugabar da ta dace da ita, kuma babu fatihar da za ta dawo da su.

Yaya Ummaru bai bar gini ba, bai bar allo mai sunansa ba. Ya bar wani tsari na zama, da wata mata da ta riƙe masa alkawari fiye da ɗan'uwansa na jini. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Asabar mai zuwa bayan la'asar za a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, na kuma bi kowace ƙungiya da ƙafata na gayyace ta. Ban san mutum nawa za su zo ba. Wanda duk ya zo zai same ni a gefe, wurin takalma, kuma ba zan yi magana ba sai kowa ya gama.